Jammeh ya samu mafaka a dare ɗaya, waɗanda ya talauta har yau suna kan layin nemanta

Daren Asabar 21 ga Janairun 2017, Yahya Jammeh ya tsaya a ƙofar jirgi a filin jirgin saman Banjul, sanye da farar babbar rigar nan tasa, ya ɗaga Alƙur'ani sama yana yi wa magoya bayansa bankwana. Wasu sojojinsa har da kuka. Jirgin ya bi da shi ta Konakiri, daga can aka wuce da shi Ikwatoriyal Gini, inda Teodoro Obiang, wanda ke kan mulki tun 1979, ya shimfiɗa masa tabarma. Jirgin dakon kaya kuma ya kwashi wasu daga cikin motocinsa na alfarma. Ba wanda ya ɗauki hoton yatsunsa, ba wanda ya zaunar da shi a ofis ya ce ya kawo hujjar cewa rayuwarsa na cikin haɗari. Kafin gari ya waye ya zama ɗan gudun hijira mai gida da gona da masu gadi.

A ƙarshen wancan makon dai, wani saurayi ɗan Gambiya mai shekara 22 ya nutse a babbar mashigar ruwa ta birnin Benis a Italiya, da rana tsaka, jama'a na kallo. An jefa masa robar ceto bai kama ba, ba kuma wanda ya faɗa ruwan. Wasu na ɗaukar bidiyo da waya, ana jin muryoyin wasu suna yi masa ba'a. Shi ma ya bar Gambiya ne yana neman mafaka.

Tsakanin waɗannan mutum biyu akwai lissafin da ba a cika yi ba. Ana ba da labarin dukiyar masu mulkin kama-karya a shafi ɗaya, labarin 'yan ci-ranin da teku ke ci a wani shafin, kamar ba ruwan wannan da wancan. A Gambiya kuwa igiya ɗaya ce ta ɗaure su, kuma ƙasar ƙarama ce har ana iya bin igiyar daga wannan bakin zuwa wancan.

Jammeh yana laftanar mai shekara 29 ya kifar da gwamnatin Dawda Jawara ranar 22 ga Yulin 1994. Ɗan talakawa ne daga ƙauyen Kanilai, kusa da iyakar yankin Kasamans na Senegal, kuma abin da ya fara yi wa mutane alkawari shi ne zai kawo ƙarshen cin hanci. Bayan mulkinsa na shekara 22, hukumar binciken da gwamnatin magajinsa Adama Barrow ta kafa ƙarƙashin lauya Surahata Janneh ta ce ya wawure aƙalla dala miliyan 362, ta kuma ƙirga filaye da gidaje 281 da ke hannunsa. Ƙungiyar 'yan jarida masu binciken ƙwaƙwaf ta OCCRP ta ce abin ya kai kusan dala biliyan ɗaya idan aka haɗa da na muƙarrabansa. Mu da muka saba jin kuɗin Abacha ana dawo da su kashi-kashi, miliyan 362 ba za ta girgiza mu ba. Sai a tuna cewa mutanen Gambiya a lokacin kimanin miliyan biyu ne, ba su kai mutanen birnin Kano ba, kuma abin da ƙasar ke taƙama da shi gyaɗa ce da baƙin Turawa masu zuwa shan iska a bakin teku.

Hanyoyin satar ba wasu ɓoyayyu ba ne. Takarda ce za ta fito daga fadar shugaban ƙasa zuwa babban banki, a ciro tsabar kuɗi a kai masa. An taɓa asusun fansho na ma'aikata. An karkatar da kuɗin kiran waya na ƙasashen waje da ya kamata su shiga aljihun kamfanin sadarwa na gwamnati, Gamtel. Tallafin da Taiwan ke bayarwa, kafin ya yanke hulɗa da ita a 2013, wani kaso nasa bai isa inda aka nufa ba. Har katakon madobiya da ake sarowa ta haramtacciyar hanya daga dazukan Kasamans ana fitarwa ta tashar jirgin ruwan Banjul, yana da hannu a ciki. Ban da wannan ya shiga kasuwa da kansa: gidan burodi, mahauta, shanu, ragunan layya, haƙar yashi. Ɗan kasuwar da ya ga shugaban ƙasa ya buɗe shago a layinsa ya san abin da ya rage masa.

Da aka tambaye shi daga ina yake samun kuɗi, amsar da ta yi suna ita ce Allah ne Bankin Duniyarsa. Da wannan bankin ya tara Rolls-Royce da Bentley, ya ajiye jiragen sama ciki har da Boeing 727 da Ilyushin ƙirar Rasha, ya mayar da Kanilai wata ƙaramar fada mai gidan namun daji, ya sayi gidan dala miliyan 3.5 a Potomac, unguwar attajirai da ke kusa da Washington, wanda kotun Amurka ta ba da umarnin ƙwacewa a 2022. Idan ayarinsa zai wuce, yakan watsa wa jama'a biskit ta saman mota, yara su yi ta wawa a kan titi. An ba da shaida cewa motocin ayarin sun take wasu. Wannan hoton ya fi duk alƙaluman da na lissafa bayyana yadda mulkin yake: dukiyar mutane a cikin motar, su kuma suna bin ta da gudu don ɗan abin da za a jefo.

Sunansa kaɗai sai an ja numfashi: Shaihu Farfesa Alhaji Dakta Yahya Jammeh Babili Mansa. A 2007 ya ce yana warkar da ƙanjamau da ganye, ya sa masu cutar suka ajiye magungunan asibiti. A 2011 ya gaya wa BBC cewa zai yi mulki shekara biliyan ɗaya idan Allah ya so. Waɗannan ne abubuwan da duniya ta riƙa dariya a kai. A cikin gida ba dariya ake yi ba. An harbe ɗalibai masu zanga-zanga a Afrilun 2000. An kashe ɗan jarida Deyda Hydara a Disambar 2004. A 2009 aka bi ƙauyuka ana kama tsofaffi da sunan mayu ne, ana ɗura musu wani jiƙo da ya kashe wasu. Ɗan adawa Solo Sandeng ya mutu a hannun jami'an leƙen asiri a Afrilun 2016. Hukumar gaskiya da sasantawa da ta saurari shaidu bayan tafiyarsa ta ce mutum 240 zuwa 250 ne suka mutu a hannun gwamnatinsa. A cikinsu har da baƙi 'yan Afirka ta Yamma sama da 50, akasarinsu 'yan Gana, da wasu 'yan Najeriya, waɗanda aka kama a Yulin 2005 suna kan hanyarsu ta zuwa Turai, 'yan ina-da-kisansa da ake kira Junglers suka hallaka su.

To saurayin da ya gama sakandare a Serekunda ko Basse, me zai yi? Aikin gwamnati ba ya ciyar da gida, gyaɗa ba ta da daraja, magana kuma na iya kai mutum kurkukun Mile 2. Bizar Turai ko a mafarki. Sai ƙofar baya, wadda su da kansu suke kira "backway". Uwa ta sayar da 'yan kunnenta, uba ya sayar da fili ko shanu, a haɗa wa ɗa guzuri. A 2016 kaɗai 'yan Gambiya kusan 12,000 ne suka sauka a gaɓar Italiya ta teku. Idan aka auna da yawan jama'ar ƙasar, ba wata ƙasa a yankinmu da ke zubar da matasa haka.

Ƙofar bayan nan kuma ta ƙofar gidanmu ta bi. Daga Banjul sai Senegal, sai Bamako, sai Wagadugu, sai Yamai, duk a motar haya da takardar ECOWAS, kowane shinge ana ajiye na goro. Daga Yamai sai Agadas. A nan ake ajiye su a gidajen da ake kira geto, bayan katangar ƙasa da ƙofar ƙarfe, mutum ashirin ko talatin a tsakar gida ɗaya, ana jiran kuɗi su iso daga gida, ana jiran Litinin, ranar da ayarin motoci ke tashi. Kowa ya sayi jarka ya naɗe ta da buhu don kada ruwan ya tafasa, ya sayi rawani da tabarau da safar hannu. A bayan Hilux ake jera su, ƙafafu na lilo a waje, kowa da sanda a kafe tsakanin cinyoyinsa yana riƙe da ita, domin wanda barci ya kwashe ya faɗo, ba lalle direba ya tsaya ba. Dirku, Segedin, Tummo, sannan Gatrun da Sabha a Libiya. Idan mota ta lalace ko direba ya ɓata, sai dai wani ayarin ya tarar da abin da ya rage. Mutanen Damagaram ba sa buƙatar a yi musu bayani: a Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance.

A 2015 Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, wadda aka fara aiwatarwa da ƙarfi a 2016 bisa matsin Tarayyar Turai da kuɗinta. Tafiyar ba ta tsaya ba. Kuɗin mota ne ya hau, direbobi kuma suka koma bin hanyoyin da babu rijiya don kauce wa sojoji. Gwamnatin Janar Tiani ta soke dokar a Nuwamban 2023.

Libiya kuwa, duk wanda ya dawo ba ya son dogon zance a kanta. A kulle mutum, a miƙa masa waya ya kira gida, ana dukansa uwarsa na ji, har sai an turo kuɗi. A Nuwamban 2017 CNN ta nuna bidiyon da ake gwanjon mutane a kan dala 400. Wanda ya tsira daga nan sai kwalekwalen roba daga Sabrata ko Zawiya. A cikin waɗanda Bahar Rum ya ci a 2016 har da Fatim Jawara, mai tsaron gidan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta mata ta Gambiya, tana da shekara 19. Yarinyar da ta sa rigar ƙasa ta tsaya a raga da sunan ƙasar, ita ma ba ta ga abin zama ba.

Yawancin labarai a nan suke tsayawa, a bakin teku, ana lulluɓa wa mutum bargon nan mai ƙyalli. Alhali a nan ne wahala ta biyu ke farawa, wadda ba ta da hoto mai ɗaukar ido, kuma ita ce ta fi tsawo.

Dokar da duniya ke aiki da ita kan 'yan gudun hijira yarjejeniyar Janeba ce ta 1951. Ta ce ɗan gudun hijira shi ne wanda ke da tsoro mai tushe cewa za a tsangwame shi saboda ɗaya daga abu biyar: launin fata ko ƙabila, addini, ƙasar asali, kasancewa cikin wani rukuni na jama'a, ko ra'ayin siyasa. An rubuta ta ne da Turai ta bayan Yaƙin Duniya na Biyu a zuciya. Babu yunwa a ciki. Babu "shugabanmu ya kwashe kuɗin fanshon mahaifina". Ɗan jaridar da aka azabtar a ofishin 'yan leƙen asiri yana da tabo a baya da zai nuna, yana iya samun takarda. Ɗan manomin gyaɗar da aka sace masa makaranta da asibiti da aikin yi tun kafin ya yi wayo, ba shi da tabon da likita zai auna. Sunansa a fayil ɗan ci-rani. Mutum ɗaya ne ya kore su duka biyun, amma doka ta ga hannunsa a jikin ɗaya, ba ta gan shi a aljihun ɗayan ba.

A yi tunanin zaman tantancewar. Ɗaki ne da tebur da kwamfuta da jami'i da tafinta. Ana tambayar yaron da Italiyanci ko Jamusanci, tafinta na juyawa zuwa Mandinka ko Fulatanci ko Wolof, wani lokacin ma tafintan daga wata ƙasa yake, karin harshensu ba ɗaya ba. Wace rana aka kama ka? Ɗazu ka ce Talata, yanzu ka ce Laraba. Ina takardar asibiti? Mutumin da aka ƙwace masa komai a Sabha, har takalmi, shi ake tambaya takarda. Kuskuren kwanan wata ɗaya ya isa a rubuta cewa labarinsa ba abin gaskatawa ba ne. Ba na musun cewa wasu suna ƙirƙirar labari, har akwai masu sayar da shi a sansani kamar yadda ake sayar da katin waya. Amma wanda aka gaya masa gaskiyarsa ba ta cikin abu biyar ɗin nan, me ake so ya faɗa? Ƙaryar wasu kuma ta shafa wa masu gaskiya kashin kaji.

Ga kuma ƙa'idar Dublin, wadda ta ɗora alhakin mai neman mafaka a kan ƙasar Turai da ya fara shiga. Yaro ya sauka a Sisili an ɗauki yatsunsa, ya lallaɓa ya kai Jamus inda yake da ɗan'uwa, kwamfuta ta tona shi, a ce ya koma Italiya. 'Yan Gambiya da yawa sun taru a jihar Baden-Württemberg ta kudancin Jamus, kuma da dama daga cikinsu takardar da ke hannunsu ita ce Duldung, ma'ana ba a yarda ka zauna ba, an dai ɗaga maka ƙafa zuwa wani lokaci. Da ita mutum zai yi shekaru, ana sabunta masa bayan 'yan watanni, yana koyon aikin burodi ko gini, yana kwana da kunne ɗaya a buɗe saboda 'yan sanda da asuba suke zuwa. A Italiya, waɗanda aka ƙi su sukan ƙare a gonakin tumatir na yankin Foggia, cikin bukkokin kwano da leda, ana biyan su a kan kowane akwati. Daga wannan ɗan abin suke tura na cefane gida, su kuma ɗauki hoto a jikin motar wani su ɗora a Facebook don kada a ce sun ji kunya. Ƙanensu a Brikama ya ga hoton, ya fara tara nasa guzurin.

Abin da ya fi ba ni mamaki a duk lissafin shi ne yadda faɗuwar Jammeh ta zame wa waɗannan yaran. Ranar 1 ga Disambar 2016 'yan Gambiya suka jefa ƙwallayen gilashinsu a gangunan zaɓe, kamar yadda suke zaɓe a can, suka kayar da shi. Ya amsa shan kaye, bayan mako guda ya ce bai yarda ba. Shugaba Buhari na cikin waɗanda suka yi ta zarya Banjul suna lallashi, majalisar wakilan Najeriya har ta amince a yi masa tayin mafaka idan zai sauka. Mutum kusan 45,000 suka tsallaka Senegal don tsoron yaƙi, aka rantsar da Barrow a ofishin jakadancin Gambiya da ke Dakar, sojojin ECOWAS suka ja daga a kan iyaka. Shugabanni nawa ne suka bar aikinsu don nema wa mutum ɗaya wurin kwana mai daɗi? A sansanonin Italiya da Jamus an yi murna a daren. Ba a jima ba murna ta koma ciki, domin jami'an tantancewa sun samu amsa mai sauƙi: wanda kuke gudu ya tafi, ku koma gida. Ya tafi kam, amma da kuɗin ya tafi, ya bar baitulmali a bushe da bashi a wuyan ƙasa. Italiya ta soke izinin zama na jin ƙai a 2018 a zamanin ministan cikin gida Salvini, izinin da shi ne 'yan Gambiya suka fi samu, sannan a 2023 ta saka Gambiya, tare da Najeriya, cikin jerin ƙasashen da take ɗauka lafiya lau suke. Da jiragen da ke maido mutane suka tayar da ƙura a Banjul, gwamnatin Barrow ta dakatar da karɓarsu a 2019, Tarayyar Turai kuma ta rama a 2021 da tsaurara wa 'yan ƙasar sharuɗɗan biza. Barrow na tsaka mai wuya: kuɗin da 'yan waje ke turowa sun kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na tattalin arzikin ƙasar, ko fiye, kowane wanda aka maido kuma tukunyar wani gida ce aka sauke daga murhu.

Layin neman mafakar ma ba waɗanda aka zalunta kaɗai ke kansa ba. Ousman Sonko, wanda ya yi shekara goma yana ministan cikin gida na Jammeh, da suka ɓata da maigidansa a 2016 sai ya gudu Suwidin, daga can ya koma Suwizalan, ya shiga sansanin masu neman mafaka a yankin Bern kamar kowa. Ƙungiyar TRIAL International ce ta kai ƙara, aka kama shi a Janairun 2017, kuma a Mayun 2024 kotun tarayya da ke Bellinzona ta ɗaure shi shekara 20 kan laifukan cin zarafin bil'adama. Bai Lowe, direban Junglers, kotun Jamus ta yi masa ɗaurin rai da rai a 2023. An samu Michael Correa, wani ɗan Junglers, da laifin azabtarwa a Denver ta Amurka a 2025. Duk waɗannan sun shiga hannu ne saboda sun je ƙasashen da ake tantance mutum. Ubangidansu ya fi su wayo, ya zaɓi ƙasar da ba ta cikin kotun duniya ta ICC, wurin mai masaukin da shi ma ɗansa, Teodorin, kotun Faransa ta same shi da laifin tara dukiyar haram ta ƙwace masa gida da motoci a Paris. A Disambar 2024 shugabannin ECOWAS sun amince a Abuja a kafa kotu ta musamman kan laifukan zamanin Jammeh. Daga inda yake, yana ci gaba da turo saƙon murya ta WhatsApp, ana kunna wa magoya bayansa a lasifika a wurin taro.

Dukiyar da ya bari a gida fa? An yi gwanjon motoci da taraktoci da shanu da filaye, aka ware dalasi miliyan 50, kimanin dala miliyan ɗaya, don biyan diyyar waɗanda aka zalunta, kuɗin da ko kusa bai isa ba. A 2025 jaridar The Republic ta Gambiya ta wallafa binciken da ya nuna an sayar da kadarori da yawa a kan farashin banza, wasu ga mutanen da ke kusa da masu riƙe da gwanjon. Matasa suka fito kan titi a Banjul suna neman a buga sunan duk wanda ya saya da nawa ya biya, 'yan sanda suka kama wasu daga cikinsu, majalisar dokoki ta kafa kwamitin bincike.

Hanyar Agadas ta ragu ga 'yan Gambiya, sun koma ta Atlantika, kwalekwalen katako na masunta zuwa tsibiran Kanari na Sifaniya, tafiyar mako guda ko fiye a kan ruwa. A Disambar 2019, kusan shekara uku bayan tashin jirgin Jammeh, wani kwalekwale da ya taso daga garin Barra, a tsallaken kogi daga fadar shugaban ƙasa, ya kife kusa da Nuwadibu a Muritaniya lokacin da suke neman gaɓa don mai da abinci sun ƙare. Aƙalla mutum 62 suka mutu. Waɗanda suka iya iyo suka fita, aka ɗebo su a mota aka maido su gida.